Rigasa: tambayoyin da masu shirin tarewa suka fi yi, da amsoshinsu

Na daɗe ina kwana a Rigasa ina wuni a cikin gari, kamar dubban maƙwabtana. Duk sanda kuɗin haya ya koro wani abokin aiki daga Unguwar Rimi ko Malali, ko aka sa ranar wata ƙanwa da za a kawo ta nan, ni ake nema da tambaya, kuma tambayoyin kusan iri ɗaya ne. Ga su nan na tattara, kowace da amsar da nake bayarwa.

Ina ne Rigasa, kuma ta ina ake shiga?

Tana yamma da birnin Kaduna, a ƙetaren babban titin Nnamdi Azikiwe, wato bayafas ɗin da ya taso daga kudancin gari ya nufi Mando da Kawo. Idan ka fito daga Tudun Wada ko Unguwar Sanusi ko Badikko ka tsallaka wannan titi, ka kama hanyarmu. Babbar ƙofar ita ce Bakin Ruwa. Daga nan titi ya miƙe har tashar jirgin ƙasa, wadda ke can ƙurya ta yamma.

Sunan ɗaya ne, amma unguwannin da yawa: Makarfi Road, Daura Road, Lokoja Road, Abuja Road, Maƙera, Hayin Ɗan Mani, Hayin Malam Bello, Nariya, da wasu da ake ta yankawa har gobe. Ka lura da kalmar "hayi". Duk inda ka ji ta, akwai rafi ko kwari da ake tsallakawa kafin a isa, kuma wannan zai shafe ka da damina, kamar yadda za ka gani a amsar da ke kan ruwan sama.

Cikin Kaduna take ko a Igabi?

A rayuwar yau da kullum Kaduna ce. A takarda kuwa gunduma ce guda cikin gundumomi 12 na Ƙaramar Hukumar Igabi, tare da irin su Rigachikun, Afaka, Birnin Yero da Zangon Aya. Hedikwatar ƙaramar hukumar tana Turunku, tsohon garin da tarihin Zazzau ya danganta da Bakwa Turunku. Wanda ke son zuwa can daga Rigasa sai ya bi ta gefen birni, ya wuce Kawo, sannan ya kama hanya. Sakatariyar Kaduna ta Kudu ta fi kusa da mu nesa ba kusa ba, amma ba tamu ba ce.

Ta fuskar sarauta muna ƙarƙashin Masarautar Zazzau, da hakimi da dagatai da masu unguwanni. Ta fuskar zaɓe, muna mazaɓar Igabi ta Yamma a majalisar jiha, da Kaduna ta Tsakiya a Majalisar Dattawa. Idan za a yi wa yaro takardar shaidar ƙaramar hukuma, daga mai unguwa ake farawa.

Mutum nawa ne ke zaune a Rigasa?

Za ka ji an ce miliyan ɗaya, wani ya ce biyu, mai zafin kishi ya ce uku. Duk ƙiyasi ne. Ƙidayar ƙarshe da aka yi a Najeriya ita ce ta 2006, kuma a lokacin Igabi gaba ɗayanta, da dukan gundumominta, mutum dubu 430 da ɗoriya aka ƙirga, a jihar da ke da mutum miliyan 6 da 'yan kai. Ƙidayar da aka shirya yi a watan Mayun 2023 ɗage ta aka yi. Saboda haka yaron da aka haifa a Hayin Ɗan Mani bayan 2006, wanda yau ya isa jefa ƙuri'a, wata ƙila ma ya yi aure, bai taɓa shiga lissafin ƙasa ba.

Abin da ido ke gani shi ne wuraren da na sani gonakin masara ne sun zama layuka masu masallaci da islamiyya da mai shayi. An sha cewa Rigasa ce gunduma mafi yawan jama'a a Najeriya, kuma duk wanda ya tsaya a Bakin Ruwa da ƙarfe bakwai na safe ba zai yi gardama mai tsawo ba. Rashin adadi ba ƙaramin abu ba ne, domin da adadi ake raba ajujuwa da gadajen asibiti da rumfunan zaɓe. Duba amsar ƙarshe kan batun ƙaramar hukuma.

Me ya sa garin ya cika haka cikin ɗan lokaci?

Dalilai uku ne suka hau kan juna. Na farko, Kaduna gari ne na baƙi tun asalinsa. Tun da Turawa suka ɗauke hedikwatar Arewa daga Zungeru suka dawo da ita nan a 1917, mutane ke zuwa neman aiki: na gwamnati, na soja, na reluwe, daga baya na masaƙun Kakuri da suka fara a 1957, da kamfanin Peugeot da matatar mai. Da Tudun Wada da Unguwar Sanusi suka cika, 'ya'yan da aka haifa a gidajen gado suka girma, ɗaki bai isa ba, sai aka tsallaka titi inda fili ke da araha.

Na biyu yana da ɗaci, amma ɓoye shi ba zai amfani kowa ba. Rikicin shekarar 2000, da na 2002, da wanda ya biyo bayan zaɓen 2011, sun raba Kaduna gida biyu. Musulmi da yawa da ke zaune a kudancin kogi suka sayar da gidajensu, wasu ko sayarwa ba su samu yi ba, suka dawo arewaci da yammacin gari. Kiristoci da yawa da ke wannan ɓangare su ma suka tattara suka koma Sabon Tasha da Narayi da Gonin Gora. Rigasa ta karɓi kaso mai yawa na waɗanda suka dawo, ta kuma yi asarar maƙwabtan da aka yi shekaru ana zaman lafiya da su. Akwai dattijon layinmu da har yau yake hawa mota ya je Sabon Tasha gaisuwar mutuwa idan wani tsohon abokin aikinsa na masaƙa ya rasu, kuma duk sanda ya dawo yakan yi shiru kwana biyu.

Na uku shi ne wanda ke gudana yanzu. 'Yan bindiga sun tashi ƙauyuka a Birnin Gwari da Giwa da wasu sassan Igabi kanta, ga waɗanda suka zo daga Zamfara da Katsina, ga na Borno da Yobe tun lokacin Boko Haram. Waɗannan ba sansani suke zuwa ba. Gidan ɗan'uwa suke sauka, a raba ɗaki da labule, ko a ba su kangon da ba a gama ba su zauna kafin Allah ya kawo mafita. Shi ya sa za ka ga gida mai ɗaki huɗu yana fitar da yara goma sha biyar zuwa makaranta.

Su wane ne mazauna garin?

Mafi yawa Hausawa ne da Fulani Musulmi, amma ka tambayi asalin mutum goma a sahun sallah, za ka ji Zariya, Katsina, Kano, Sakkwato, Bidda, Ilori, Okene, Maiduguri. Hausa ce ta haɗa kowa. Gbagyi, waɗanda muke kira Gwari, su ne tsofaffin mazauna wannan yanki tun kafin a kafa birnin, kuma sunayen wasu wurare kamar Mashi Gwari na tuna mana haka.

Gari ne na matasa da yara. Akwai talaka fitik, akwai ma'aikaci mai matsakaicin albashi, akwai attajirin da ya gina bene ya ƙi tashi saboda nan ya saba. Kada ka yarda da wanda ya ce maka duk 'yan Rigasa abu ɗaya ne.

A ina mutane ke aiki, kuma yaya fitar safe take?

Akasari a cikin gari. Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, Kasuwar Bacci, Panteka, ma'aikatun gwamnati, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da ke Tudun Wada, Jami'ar Jihar Kaduna, garejin kanikawa, wuraren gini. Birkila da kafintan da ke gina sababbin gidaje a gabashin kogi, da yawansu daga nan suke fita. Mata kuma suna riƙe da wani tattalin arzikin da ba ya fita titi: ɗinki, kitso, ƙuli-ƙuli, awara, turaren wuta, adashe, da cinikin atamfa ta WhatsApp.

Fitar safe kuwa sai an shirya mata. Bayan sallar asuba layi yakan yi tsit na ɗan lokaci, sai ƙarar bokiti da kukan jarirai. Ƙarfe shida da rabi ka ga 'yan makaranta sun fito da kayan sawa kala-kala. Kafin bakwai da rabi Keke Napep sun yi jerin gwano, kowa na son fita ta ƙofa ɗaya. A Bakin Ruwa za ka ji mai keke na cewa, "Hajiya, a ɗan matsa, saura mutum ɗaya mu tashi." Ita kuma ta ce, "Ɗan nan, ina zan matsa? Ka bar ni da ƙafata mai ciwo." A ƙarshe dai a matsa a tafi. Wanda ya fita kafin bakwai yakan isa ofis cikin natsuwa. Wanda ya ƙara minti ashirin yana neman takalmin yaro, shi da cunkoso. Da yamma abin ya juyo, daga la'asar sakaliya har bayan isha'i.

Aikin sabunta birni da gwamnatin Nasir El-Rufai ta ƙaddamar a 2019 ya gyara wasu manyan tituna, kuma an ji sauƙi. Amma tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota ya zama abu na farko da mai albashi ke lissafawa. Kafin ka yi murnar arahar haya, ka karanta amsar da ke kan gidan haya.

Tunda tashar jirgi na nan, zan iya zama a Rigasa in riƙa aiki a Abuja?

Kullum-kullum, ban ba ka shawara ba. Mako-mako kuwa, mutane da yawa na yi: su tafi Litinin da jirgin farko, su dawo Juma'a. Layin dogon ya kai kilomita 186 daga Rigasa zuwa Idu, yana tsayawa a Kubwa, kuma Shugaba Muhammadu Buhari ne ya buɗe shi a watan Yulin 2016. Tun 2021 ana sayen tikiti ta intanet, kuma sai da lambar shaidar ɗan ƙasa. Tikitin Juma'a da Lahadi da na jajibirin Sallah yakan ƙare da wuri. Ka tuna kuma Idu ba tsakiyar Abuja ba ce, akwai wani kuɗin motar yana jiran ka.

Ba wanda ya manta daren 28 ga Maris 2022, lokacin da 'yan bindiga suka dasa bam a kan layin, suka kashe mutane, suka kwashe fasinjoji da dama zuwa daji. Jirgin bai dawo aiki ba sai 5 ga Disamban shekarar. A watannin nan masu keke da masu abinci da 'yan dako na bakin tasha suka gane yadda abincinsu ya rataya a kan jirgin. Abin da ke damuna shi ne yawancin fasinjoji ratsa Rigasa kawai suke yi da gilashi a rufe. Sun san sunan tashar, ba su san layukan da ke bayan shagunan bakin titi ba.

Yaya batun gidan haya?

Ya fi na cikin gari sauƙi, shi ne ma abin da ke kawo mutane. Akwai ɗaki ɗaya a gidan haya mai banɗaki na tarayya, akwai ciki da falo, akwai fulat mai ƙofarsa daban. Shekara ake biya gaba ɗaya, ga la'adar dillali a kai. Kusa da babban titi ya fi tsada, can ciki ya fi araha, amma araha ba ta ado: abin da ka rage a haya kana iya mayar da shi a kuɗin keke da na ruwa. Ka zauna da biro ka haɗa hayar shekara da kuɗin motar wata goma sha biyu, naka da na yara, kafin ka gwada da gidan da ka gani a Kurmin Mashi.

Kada ka biya sai ka ga mai gidan da idonka, ka karɓi rasit, ka kuma tambayi maƙwabta abu uku: rijiyar gidan tana ƙafewa da rani, mita ɗaya ake rabawa, kuma me ya fitar da wanda ya tashi. Matar gidan da ke kusa za ta gaya wa iyalinka gaskiyar da dillali ba zai faɗa ba.

Ina son sayen fuloti in yi gini. Me zan kiyaye?

A nan ne na fi son a saurare ni, don na taɓa ƙonewa. Shekarun baya na sayi fuloti a hannun wani, da shaidu da takarda da komai. Na tara bulo, na je zuba harsashi, sai na tarar da wani bawan Allah ya riga ni, shi ma da tasa takardar mai kwanan wata kafin tawa. Gonar gado ce, ɗaya daga cikin magada ya sayar ba da sanin sauran ba, sannan aka sake sayarwa. Shekara biyu muna zarya kafin in karɓi wani abu daga kuɗina.

Saboda haka, ka binciki asalin filin. Idan na gado ne, a nuna maka an raba, kuma duk magada su sa hannu. Ka je wurin mai unguwa da dagaci da ƙafarka, ka tambayi masu iyaka da filin ta kusurwa huɗu. Bayan haka ka sani cewa takardar mai unguwa shaidar ciniki ce kawai. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasa na hannun gwamna, kuma a Kaduna hukumar KADGIS ce ke ba da takardar mallaka, KASUPDA kuma ke ba da izinin gini. Ka bincika ko filin bai faɗa cikin hanya ba, ko ƙarƙashin babbar wayar wuta, ko harabar layin dogo, ko filin makaranta. Kaduna ta ga rusau da yawa, kuma katafila ba ta karanta takardar dillali.

Idan ka saya, ka kewaye ko da da bulo layi uku ne, ka riƙa leƙawa. Ka kuma bar wa layi haƙƙinsa. Yawancin lungunan da mota ba ta shiga a yau, kowa ne ya ci taku biyu daga hanya lokacin gini, har ta kai ko makara da ƙyar take wucewa.

Akwai ruwa da wuta?

Ruwan famfo bai kai yawancin layuka ba. Rijiya ce da burtsatse da 'yan ga-ruwa. Daga Fabrairu zuwa Afrilu rijiyoyi kan ja baya, farashin kura ya hau, ka ga yara da jarkoki a ƙofar duk gidan da mai shi ya saki famfo saboda Allah. Wuta tana hannun Kaduna Electric, kuma ta danganta da layin da kake da lafiyar taransifomarku. Idan ta lalace, sau da yawa karo-karo ake yi gida-gida. Wanda ke da hali yana sa sola, ko ƙarama ce ta fanka da cajin waya.

Da damina fa?

Wanda zai duba gida ko fili, ya zo a watan Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi. Gani ya kori ji. Ƙasarmu ja ce: da rani ƙura, da damina taɓo mai kama takalmi. Babban titi lafiya lau, amma layukan ciki da ba su da kwalta ko magudana, ruwa ne ke zaɓar hanyarsa, wani lokaci ta tsakar gidan mutane. Unguwannin da ke gangare da na bakin rafi su suka fi shan wahala, kuma sharar da ake zubawa a kwalbati tana ƙara ta'azzara abin. Ka dubi jikin katanga daga ƙasa. Idan ka ga zanen danshi ya kai gwiwa, ruwa ya taɓa kwana a wurin, ko me dillali ya ce.

Makarantu da asibiti sun wadatar?

Ba su wadatar ba, kuma a nan yawan jama'ar da ba a ƙirga ba ya fi fitowa fili. Makarantar firamare ta gwamnati da ke Lokoja Road ta sha shiga jaridu saboda ɗimbin ɗalibanta. Malaman da ke tsayawa gaban irin waɗannan ajujuwa sun cancanci addu'a da albashi mai kyau. Makarantun kuɗi sun cika gari, daga masu kyau har waɗanda gida ne aka raba da falanki, saboda haka ka shiga ajin da kanka kafin ka biya. Islamiyya da makarantar allo kuwa kusan kowane layi akwai, kuma su ne abin alfaharinmu. Yaran nan na haddace Alƙur'ani tun suna ƙanana.

Akwai Babban Asibitin Rigasa da ƙananan cibiyoyin lafiya inda mata ke zuwa awo da rigakafi. Idan abu ya yi tsanani, ana tura mutum Asibitin Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada ko Asibitin Koyarwa na Barau Dikko. Mai iyali da ke da juna biyu ya ajiye lambar mai keke ko mai motar da ya amince da shi tun wata na bakwai, domin naƙuda ba ta jiran gari ya waye.

Ana cewa Rigasa ba tsaro. Gaskiya ne?

Akwai gaskiya a ciki, akwai kuma ƙari. Cikin gari matsalar ita ce ƙwacen waya, shaye-shaye, da 'yan dabar da ake kira 'yan shara, yaran da suka tashi ba makaranta ba sana'a. A gefen gari, inda gidaje suka yi iyaka da daji ta yamma, an sha fama da masu garkuwa da mutane. Ba a manta da ɗaliban kwalejin gandun daji ta Afaka da aka sace a watan Maris 2021 ba, kuma Afaka maƙwabciyarmu ce. Wanda zai gina gida a ƙarshen gari saboda arahar fili, ya sa wannan a ma'auni.

Amma ni da nake ciki na san wani abin da ba ya shiga labarai. Layuka da yawa na da 'yan sintirin da ake biya da karo-karo. Baƙo ba ya kwana biyu ba a san gidan da ya sauka ba. Ranar da gobara ta tashi a bayanmu, kafin motar kashe gobara ta sami hanyar shigowa, samarin da ake zagi ne suka hau katanga da bokiti suka fito da tsohuwar gidan. Idan ka tare, ka je ka gaida mai unguwa, ka riƙa sallah a masallacin layi, ka biya kuɗin sintiri, iyalinka su shiga gaisuwar suna da ta rasuwa.

Me ya sa ba a ba Rigasa ƙaramar hukumarta ba?

An daɗe ana nema, kuma ina cikin masu ganin ya dace. Gari mai wannan yawa kansila ɗaya ke wakiltarsa a majalisar ƙaramar hukuma, daidai da gundumar da ba ta kai unguwa ɗaya a nan ba. Sai dai hanyar na da tsawo. Ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan, har da 23 na Jihar Kaduna, an jera sunayensu a cikin Kundin Tsarin Mulki na 1999. Ƙirƙirar sabuwa na buƙatar buƙata daga wakilan yankin, ƙuri'ar raba gardama, amincewar majalisar jiha, sannan Majalisar Tarayya ta gyara jerin. Tun 1999 ba a ƙara ko ɗaya a jerin nan ba.

Hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ya ƙara wa batun nauyi, domin yanzu tambayar ita ce nawa ne daga kason Igabi ke dawowa layukan da suka fi kowa yawan mutane. Wanda ya tare nan yana iya mayar da katin zaɓensa zuwa rumfar da ke kusa da gidansa ta ofishin INEC idan an buɗe rajista. Duk ranar da aka zo ƙidaya kuma, a tsaya a Rigasa a ƙirgu. A 2006 mutane da yawa a biranen ƙasar nan garuruwansu na asali suka tafi aka ƙirga su a can, alhali a birni yaransu ke zuwa makaranta, a birni matansu ke haihuwa.